Ranar da Ƙasa Ta Motsa da Inna

Inna ta shekara sittin da biyu a duniya ba ta taɓa kwana a saman bene ba, sai da 'yarta ta haihu a ƙasar waje. Atamfa da yadi take sayarwa a rumfarta ta bakin kasuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, cikin 'ya'ya biyar kuma biyu Allah ya bar mata: 'yar farinta da kowa ke kira Likita, da wani namiji mai koyarwa a firamare. Likita ba likita ba ce, gwajin jini take yi a wani asibiti, amma tun ranar da ta aiko da hotonta cikin farar riga dangi suka liƙa mata sunan, ya bi ta. Inna kuwa ko Likitan ba ta faɗa. 'Yar fari ce, akwai kunya. "Ke" take ce mata, in zancenta ya taso a gaban mutane ta ce "yarinyar nan".

Gidan nasu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyar, cikin wani dogon gini mai ƙofofi iri ɗaya kamar an buga su da hatimi. Mijin Likita direban babbar mota ne, in ya fita sai ya kwana huɗu ko biyar a hanya. Da hutun haihuwa ya ƙare, renon yaro ya koma hannun Inna ɗungurungum. Wata bakwai ta yi a gidan. Ta koyi kunna murhun lantarki da injin wanki, amma harshen mutanen ya ƙi shiga kanta. Kalma uku ta riƙe: gaisuwa, godiya, da a'a. Ta ce sun ishe ta, tun da ba aure ta zo nema ba.

Ranar da abin ya faru, da safe Likita ta fito tana ɗaura agogo, ta tarar Inna ta naɗe yaro kamar ƙunshin kaya.

"Haba Inna, rigar sanyi har uku? Ai sai ya dahu."

"Ke da me na rene ki, da takardar asibiti? Tafi aikinki ki bar ni da angona. Ko ba haka ba, ango? Miji ba cefane, sai kuka da ɓata zane."

Likita ta yi dariya, ta sunkuya ta sumbaci tafin ƙafar yaron. "Akwai madara kwalba biyu a firji. Da la'asar zan dawo in sha Allahu."

"Allah ya tsare," in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba, tana fama da maɓallin rigar yaro. Ta ji ƙarar takalmin 'yarta yana sauka a matakala da sauri, don motar haya ba ta jiran kowa.

Da hantsi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yaro yana barci a gadonsa mai taya, Inna tana tsaye a falo tana goge ɗaya farar rigar aikin 'yarta. Sai ta ji ƙasa ta ɗan zame ƙarƙashin ƙafarta. Ta ce a ranta hawan jinin nan ne ya taso, jiya ta manta ba ta sha magani ba. Ta dafa teburin guga don jirin ya wuce, teburin ma ta ji yana rawa. Sannan ƙara ta biyo, daga ƙasa take tasowa, mai kauri, kamar manyan motoci goma sun shigo ƙarƙashin ginin a tare. Dutsen guga ya sulale ya faɗi. Kabad ɗin kicin ya buɗe bakinsa, farantai suka yi ta zubowa suna tarwatsewa. Firji, da sai mutum biyu ke iya matsar da shi, ya taho yana tafiya da kansa.

Inna ba ta san lokacin da ta kai ƙasa ba. Girgizar ƙasa a wa'azi take jin ta, sai kuma labaran rediyo, abin da ke samun wasu mutane can a wata uwa duniya. Ko a lokacin ma sunan bai zo mata ba. Abin da ya zo mata shi ne alƙiyama ta tsaya, ta riske ta a garin da ba ta san kowa ba. Tana salati tana rarrafe zuwa gadon yaro, gadon kuma yana gudu, ya bugi wannan bango ya dawo ya nufi wancan. Sau biyu ta kai hannu ya kufce. A na uku ta cafko ƙafar gadon, ta jawo yaron ta kifa a kansa, tana jin ɓarɓashin siminti yana zubo mata a baya.

Daga baya aka ce ko minti ɗaya ba a yi ba. Inna ba ta taɓa yarda da wannan lissafin ba.

Da abin ya lafa ta goya yaron da zanen gado, ta fita ba takalmi, ba waya, ba jakar da takardar lambar 'yarta ke ciki. Wuta ta ɗauke, matakala ta yi duhu, ƙurar siminti ta cika ta har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ta bi bango tana lalube, mutane suna bangaje ta suna ihu da harshensu. A hawa na biyu wasu matakai uku sun rufta, sai da ta zauna ta ja gindi ta tsallake.

A titi ta ga abin da bakinta ya kasa faɗa har yau. Wani mutum tsaye da tawul, rabin fuskarsa kumfar aski. Wata mata tana riƙe da murfin tukunya tana kiran wani suna. Ginin da ke kallon nasu, mai kantin magani a ƙasa, ya durƙushe kamar kwalin da aka taka, labulen wani ɗaki yana kaɗawa a inda babu ɗaki. Jiniyar motoci ta cika gari. Ba wanda ya dube ta.

Wadda ta kama hannunta ita ce tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasu, wadda Inna ke kira Mai Kare. Wata bakwai Inna tana kauce mata a matakala saboda ɗan karenta, kada ya taɓa mata zane. Tsohuwar ta zaunar da ita a gefen titi, ta nuna mata ƙafarta. Sai a lokacin Inna ta ga jini, gilashi ya shige mata a dunduniya. Mai Kare ta zare fil daga gashinta ta ciro gilashin, ta ɗaure wurin da hankici, ta cire silifas ɗinta ta sa wa Inna, ita ta tsaya da safa. Karen yana manne da ƙafar uwargijiyarsa yana makyarkyata.

"'Yata," in ji Inna. "Asibiti. Tana asibiti." Ta nuna jijiyar hannunta, ta yi alamar allura.

Mai Kare ta gane. Ta girgiza kai, ta yi magana mai tsawo tana nuna ƙasa, tana nufin a zauna a jira. Inna ta yi amfani da kalmarta ta uku. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi yaron, ta miƙa mata gorar ruwa ta sake ta.

Sau biyu Likita ta taɓa kai ta asibitin awon jini, kuma 'yar kasuwa ba ta manta hanya. Motar haya babban titi take bi ɗoɗar, ta wuce gidan mai, ta wuce wata makaranta mai jan rufi, ta karya kwana wajen masu sayar da furanni. Yau babu mota, Inna ta kama hanya da ƙafa. Titin ya tsage a wurare, ruwan famfo yana ɓulɓulowa daga ƙasa. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Wajen gidan mai ƙasa ta sake motsawa, turakun lantarki suka yi ta lilo, mutane suka watse da gudu ba su san inda suka nufa ba. Inna ta zube a tsakiyar titi, ta dinga dukan kwalta da tafin hannu.

"Ya isa! Ya isa haka nan! Me muka yi miki?"

Ta ji kunyar Allah, ta yi istigfari, ta miƙe ta ci gaba.

Azahar ta gota kafin ta isa. Sabon ɓangaren asibitin yana tsaye, an fito da majinyata da gadajensu an jera a filin ajiye motoci, wasu da ledar ƙarin ruwa rataye a reshen bishiya. Inna ta ga haka zuciyarta ta ɗan kwanta. Ta bi masu fararen riguna ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuskokinsu. Sannan ta zagaya baya, inda tsohon ginin yake, wanda ɗakin gwajin jini ke ƙasansa. Hawa uku ne suka zauna a kan ɗakin. Abin da ya rage tsibin ɓaraguzai ne da rodi a lanƙwashe, sai allon nan mai hoton jan ɗigon jini yana reto da ƙusa ɗaya.

'Yan sanda sun ja igiya. Inna ta sunkuya za ta wuce, ɗaya ya tare ta, ta ture shi, biyu suka riƙe ta. A nan, a gaban mutanen da ba su san kunyar me take ji ba, ta buɗe baki ta kira sunan 'yarta, sunan yanka, wanda shekara talatin da ɗaya bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta kira, ta sake kira, har maƙogwaronta ya tsage.

Wata doguwar nas mai bandeji a goshi ta taho ta tsaya a gabanta. Ta taɓa zuwa gida ganin jariri, ta gane yaron. Ta kwance shi daga bayan Inna, ta aika aka kawo madara daga ɗakin haihuwa. Inna ta riƙe mata hannun riga tana tambayarta da ido. Nas ɗin ta dubi tsibin, ta rufe fuskarta da hannu.

Washegari da rana tsaka surukinta ya iso. Gada ta karye a hanyarsa, ya bar motar a can ya taho da ƙafa da taimakon masu babur. Ya je gida ya tarar an rufe ginin, Mai Kare ce ta nuna masa inda Inna ta nufa. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba, wanda daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, yau ya kama hannayenta biyu.

"Inna, ina take? Wayarta ba ta shiga. Ina take?"

"Tana ciki, ɗan nan."

Ya cire rigarsa ya shiga cikin masu tono, ba wanda ya hana shi.

Aikin tono abin tsoro ne, amma shirunsa ya fi. Katafila tana ɗaga kankare, mutane suna miƙa bokitan ƙasa hannu zuwa hannu, sai wani mai jar hula ya busa usur. Nan take a kashe injuna, kowa ya tsaya cak, har masu kuka su haɗiye kukansu. Mai jar hula ya kwanta ya kara wata na'ura a jikin kankare yana saurare. Inna takan toshe bakin yaro da ƙirjinta, ta riƙe numfashi har idonta ya yi duhu. Sai ya tashi ya girgiza kai, injuna su ci gaba. Ta ƙirga irin wannan sau goma sha tara, daga nan ta bar ƙirgawa.

A rana ta uku da safe aka ji bugu. Mai jar hula ya ɗaga hannu, filin ya ɗauki sowa. Inna ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta goge wa yaro fuska da bakin zane, ta ce masa, "Tashi, ango, ga uwarka nan." Awa shida ana yanka rodi. Wanda aka zaro namiji ne, wani dattijo mai furfura, shugaban ɗakin gwajin. Da ana wucewa da shi a kan gadon ɗaukar majinyata ya hangi direban, ya gane mijin Likita ne, ya yafito shi. Ya yi masa magana a kunne a hankali, leɓɓansa a tsattsage. Direban ya dawo ya tsuguna nesa da Inna.

"Me ya ce?"

"Ba komai, Inna. Ya ce a ci gaba da addu'a."

"Ɗan nan, ban iya harshensu ba, amma na san tsawon magana. Kada ka rage mini ko kalma ɗaya. Ni na haife ta."

Ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. "Ya ce bango ne tsakaninsu. Ƙarfe ya danne mata ƙafa. Ya ce har jiya da hantsi suna magana."

"Me take cewa?"

"Tana cewa madara kwalba biyu kaɗai ta bari."

"Sai me?"

"Inna, don Allah."

"Sai me, na ce."

"Ya ce ranar farko ta gaya masa ta ji muryarki kina kiranta. Ta yi ta amsawa. Ta ce masa, uwata ce, ta faɗi sunana. Ya ce dariya ma ta yi. Daga jiya da hantsi ya kira bai ƙara jin ta ba."

Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta zauna tana kallon tsibin, tana auna da ido tsakanin igiyar 'yan sanda da inda aka zaro dattijon. Bai fi taku ashirin ba. Da ta yi shiru bayan kira ɗaya, da ta kasa kunne maimakon ihu, wataƙila da ta ji. Da ta iya harshensu ta ce musu nan ne, nan za ku fara. Surukin ya ce mata ko da ta ji ba abin da zai sake, kwana ne ya ƙare. Ta ce ta sani. Saninta bai hana tunanin cin ta ba.

A rana ta huɗu aka fito da Likita. Ba a bar Inna ta ga fuskar ba. Hannun dama aka buɗe mata, ta ga tabon ƙunar da yarinyar ta samu tana shekara shida, ranar da ta kai hannu kan fitila. Ta gyaɗa kai. Aka binne ta a wata sabuwar maƙabarta a bayan gari, cikin dogon layi, kowane kabari da lamba a jikin katako. Da ɗanta malamin makaranta ya bugo wayar surukin daga gida, dangi sun cika gidan ana ta koke-koke, Inna ta riƙe wayar tana amsa "sai haƙuri" da "na gode", kamar ita ce ta zo ta'aziyya.

An rushe gininsu, ba su ɗauki ko cokali ba. Hukuma ta ba su ɗakin kwantena a wani fili, cikin ɗaruruwan irinsa. Direban ya koma bakin aiki, don ciki ba ya jiran makoki, ya rame har wandonsa sai da igiya. Inna ta ci gaba da reno. Amma ta daina yarda da ƙasa. Kofin ruwa take ajiyewa a tsakiyar ɗaki, tana aiki tana satar kallonsa ko zai motsa. In babbar mota ta wuce, kafin ƙarar ta mutu tana waje da yaro a hannu, maƙwabta suna kallonta da tausayi. Ko sujada ta yi, sai ta ji kamar ƙasar tana numfashi a ƙarƙashin goshinta. A wannan ɗakin yaron ya yi haƙori, ya yi rarrafe, ya kama bango ya miƙe. Ranar da ya fara taku Inna ta juya za ta kira uwarsa ta zo ta gani.

Bayan wata biyar, wata ranar Talata da yamma, surukin ya dawo daga ofishin baƙi da takarda a hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya daɗe yana juya ta.

"Inna, na je sau huɗu. Sun ce takardar zamanki a kan sunanta take. Tun da babu ita, ba za su sabunta ba. Kwana talatin suka bayar."

"To, sai mu shirya, ni da angona."

Bai ɗago ba. "Inna, ki yafe mini. Shi kaɗai ya rage mini. In ya tafi ban san abin da zai tashe ni da safe ba. Na nemi canjin aiki, zan riƙa kwana a gari, akwai gidan reno kusa da tashar."

Tana da magana a baki, maganganu ma. Ta dubi ƙeyarsa, ta ga furfurar da babu ita wata shida da suka wuce, a kan yaron da bai kai arba'in ba.

"Ɗanka ne," ta ce. "Allah ya raya shi."

Ya kai ta maƙabarta ta yi sallama, ya kai ta filin jirgi. Yaron yana barci a kafaɗar ubansa lokacin da aka kira matafiya, ta hana a tashe shi.

A gida mutane sun yi ta zuwa, bayan gaisuwa kowa sai ya gyara zama ya ce, "Inna, wai yaya abin yake? Da gaske ƙasa ke tafiya?" Takan ce, "Allah kada ya nuna muku," ta ja bakinta ta rufe. Rumfar ta bar wa 'yar ƙanwarta, ba ta ƙara taka kasuwa ba. Ɗanta ya yi magiya ya gaji, ta ƙi kwana a ɗaki, aka kafa mata rumfar kara a tsakar gida, ko damina nan take.

Duk ranar hutunsa surukin yana bugo waya mai hoto, bai taɓa fashi ba. Yaron ya shekara uku yanzu, goshin uwarsa sak. Uban yakan riƙe shi a gaban waya ya ce, "Gai da Inna, ka ce ina wuni." Yaron ya dubi tsohuwar da ke cikin gilashi, ya juya ya tambayi ubansa wani abu da harshen can.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Wai yana gaishe ki."

Ba ta matsa masa ba. Ta ce a shafa mata kansa, a riƙa sa masa riga mai kauri, ta miƙa wa ɗanta wayar ya kashe.